Wai marisuwa da kakanninmu ke faɗa ita ce murar da ta kashe miliyoyin mutane a 1918?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya. Ni ɗaliba ce daga Zariya. Kakata kafin ta rasu in tana ba mu labari sai ta ce babanta an haife shi ne shekarar marisuwa, wai shekarar da aka rasa masu haƙa kabari saboda yawan mutuwa. Kwanan nan kuma na ji ana maganar wata murar Sifaniya da ta kashe mutane fiye da yaƙin duniya. Dan Allah abu ɗaya ne ko daban-daban? Kuma ni abin da ya ɗaure min kai, ta yaya mura, murar nan dai da muke sha duk hunturu, za ta kashe miliyoyi? Za ta iya dawowa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan kaka ya sa ta huta. Eh, abu ɗaya ne. Marisuwa shi ne sunan da mutanenmu suka sa wa annobar murar da ta game duniya a 1918 zuwa 1919, wadda Turawa ke kira murar Sifaniya. Kin san dattawanmu a da ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙe ta, shekarar zuwan Nasara, shekarar yunwar Kakalaba, shekarar marisuwa. Toh in an ce miki an haifi mutum shekarar marisuwa ki lissafa daga ƙarshen 1918, wato farkon shekarar 1337 ta Hijira, lokacin Sarki Abbas na kan gadon Kano.

Bari mu fara da girman abin don ki ga kaka ba ta yi ƙari ba. A lokacin mutanen duniya duka ba su kai biliyan 2 ba, an ƙiyasta kusan miliyan 500 sun kamu, wato a cikin kowane mutum uku ɗaya ya kwanta. Waɗanda suka mutu kuwa adadin da aka fi ambata shi ne miliyan 50, wasu masu bincike sun yi ƙasa da haka sosai wasu sun kai shi har miliyan 100, saboda yawancin ƙasashe a lokacin ba a rubuta mutuwa. Ki kwatanta da sojojin da suka mutu a fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, shekara huɗu ana ɓarin wuta, wajen miliyan 9 zuwa 10 ne. Ita kuwa wannan mafi yawan ɓarnar da ta yi cikin wata uku zuwa huɗu ta yi ta, daga Satumba zuwa Disambar 1918.

Sunan Sifaniya da aka liƙa mata zalunci ne, kuma a cikin zaluncin nan akwai rabin labarin. Ba a Sifaniya ta fara ba. Abin da ya faru, ƙasashen da ke yaƙi, Ingila da Faransa da Jamus da Amurka, duk sun sa wa jaridunsu takunkumi, ba a yarda a buga abin da zai karya wa mutane gwiwa ko ya nuna wa abokin gaba cewa sojojinka na kwance ba. Sifaniya ba ta cikin yaƙin, jaridunta na da 'yancin rubuta abin da suka gani, sai ga shi a watan Mayun 1918 cutar ta kwantar da mutanen Madrid har da sarkinsu Alfonso na 13, jaridu suka yi ta bugawa. Duniya ta ji labari daga bakinsu, shikenan sai aka ce cutarsu ce. Wanda ya faɗi gaskiya shi aka bari da sunan, waɗanda suka ɓoye kuma su ne suke ta kwasar cutar a jiragen ruwa suna rarrabawa.

Inda aka fara rubuta ta a fili shi ne wani sansanin horar da sojoji a jihar Kansas ta Amurka, Camp Funston, a farkon Maris 1918. Wani soja mai dafa abinci ya je asibitin barikin da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon maƙogwaro, kafin azahar sama da mutum ɗari sun biyo shi da irin wannan kuka. Akwai masanan da ke ganin asalinta daga sansanin sojojin Ingila ne a Etaples da ke Faransa, akwai masu cewa daga arewacin Sin, har yau ana wannan muhawarar. Amma abin da kowa ya yarda da shi, yaƙi ne ya yi mata ƙafa. Samari dubbai a cunkushe a bariki ɗaya, daga nan a loda su a jirgin ruwa kamar buhuna, kwana da kwanaki suna shaƙar numfashin juna kafin su isa Turai, can kuma a zuba su cikin ramukan yaƙi ga sanyi ga laka.

Zagayen farko na bazarar 1918 bai tayar wa kowa hankali ba, mutum ya yi kwana uku ya miƙe, har sojoji na ce mata zazzaɓin kwana uku. A ƙarshen Agusta ne ta dawo da wata fuska daban, kuma kusan lokaci guda ta ɓulla a tashoshin jiragen ruwa uku masu nisa da juna: Brest a Faransa inda sojojin Amurka ke sauka, Boston a Amurka, sai Firitawun a Saliyo, nan yammacin Afirka. Daga nan labarin ya zama namu.

Ranar 15 ga Agusta 1918 wani jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Mantua ya tsaya a Firitawun shan kwal, a cikinsa akwai matuƙa wajen 200 marasa lafiya. Leburorin gari suka shiga suka yi lodin kwal kamar kullum suka koma gidajensu. Bayan kamar mako biyu yawancin leburorin nan ba su iya fitowa aiki ba. Firitawun kuwa mahaɗa ce, duk jirgin da zai gangara kudu ko ya bi gaɓar teku sai ya tsaya nan. Wani jirgin ya kai ta Gwalkwas, Ghana ta yanzu, a ƙarshen Agusta. Wasu jirage biyu ɗauke da leburorin yaƙi 'yan Afirka ta Kudu suka ya da zango a Firitawun suka wuce Kef Tawun, aka sallami mutanen suka hau jirgin ƙasa kowa ya nufi garinsu, cikin makonni kaɗan ƙasar ta rasa wajen mutum 300,000, har yau suna kiran watan da Baƙar Oktoba.

Mu kuma ranar 14 ga Satumba jirgin ruwa mai suna Bida ya iso Legas daga Gwalkwas da fasinjoji masu ɗauke da ita. Hukumar Turawa ta yi ƙoƙarin killace mutane da bin gida-gida, amma mutane suka tsorata, kuma kin san in tsoro ya zo kowa gida yake tunawa, sai aka yi ta gudu daga Legas ta jirgin ƙasa da kwalekwale da ƙafa, kowa na ganin ya tsira alhali ita ya ɗauko ya kai wa danginsa. Ki tuna layin dogo bai daɗe da isa Kano ba, a 1911 ya iso, tafiyar da a da fatake ke yin wata da watanni yanzu ta koma 'yan kwanaki. Hanyar da gyaɗa da fata ke bi su gangara teku, ita marisuwa ta biyo ta hauro, ta Ibadan da Ilori da Zariyarku har Kano, wani reshen ya bi kogin Kwara da Binuwai, daga tasha kuma 'yan kasuwa da masu jakuna suka ƙarasa da ita ƙauyukan da ko ƙarar jirgi ba su taɓa ji ba. Kafin shekarar ta ƙare ta game ƙasar. Masana tarihi sun ƙiyasta Najeriya ta rasa kimanin mutum 500,000 a cikin al'ummar da ba ta wuce miliyan 18 ba a lokacin, Gwalkwas kuma wajen 100,000.

Ki duba watannin da ta zo mana, Oktoba da Nuwamba, tsakiyar kaka. Dawa ta nuna a gona, ga gyaɗa na jiran cira, masu ƙarfin yin aikin kuma su ne a kwance. Wannan shi ne abin da ya fi ban tsoro game da marisuwa kuma shi ya bambanta ta da sauran murori. Mura ta yau da kullum jarirai take ɗauka da tsofaffi tukuf. Wannan ta ɗauki waɗannan ɗin, sannan ta zo ta faɗa wa 'yan shekara 20 zuwa 40, majiya ƙarfi, magidanta da matan aure, masu ciki kuwa abin ba a magana, su suka fi kowa shiga haɗari. Shi yasa maganar kaka ta rasa masu haƙa kabari ba almara ba ce, masu haƙan su ne ake binnewa. Ta bar marayu birjik a hannun kakanni.

Toh yanzu ga tambayarki ta ainihi, ta yaya mura ke kisa haka. Da farko kalmar mura ce ke ruɗa mu, don a Hausa duk abin da ya sa hanci yoyo da atishawa mura muke ce masa. Amma a asibiti abu biyu ne. Akwai murar sanyi mai sauƙi da ke tsayawa a hanci da maƙogwaro, ki sha shayi da citta ki ci gaba da harkarki. Akwai kuma infuluwenza, wadda ke faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa dukan tsiya, kuma tana iya gangarawa huhu. Ko a shekarun da babu annoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ta biyun na kashe tsakanin mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara. Marisuwa irin wannan ce, sai dai sabon nau'i ne da garkuwar jikin yawancin mutanen lokacin ba ta taɓa haɗuwa da irinsa ba, ya samu gari babu ganuwa.

Likitocin da suka ga abin da idonsu a barikin Devens kusa da Boston sun bar mana bayani. Saurayi ƙaƙƙarfa zai shigo da ƙafarsa da safe yana cewa kaina ke ciwo, bayan wasu awoyi sai a ga tabo mai duhu a kan kumatunsa, daga nan duhun ya bazu daga kunnuwa ya rufe fuska, leɓe ya koma shuɗi kamar wanda ya sha baba, wasu jini na fita ta hanci, yana jan numfashi amma iskar ba ta shiga jini domin huhun ya cika da ruwa. In aka buɗe ƙirjin gawa sai a tarar da huhun da ya kamata ya zama sakayau kamar soso ya yi nauyi ya jiƙe sharkaf. Mutum ne ya nutse a ruwa yana kwance a kan gado. A wannan barikin akwai lokacin da ake rasa wajen mutum 100 a rana.

Amma waɗanda suka mutu da sauri haka ba su ne mafi yawa ba, kuma nan nake so ki tsaya da kyau. Binciken da aka sake yi a kan naman huhun waɗanda suka mutu a lokacin ya nuna mafi yawansu ba bairos ɗin murar, wato ƙwayar cutar da ke kawo ta, kaɗai ya kashe su ba. Shi bairos ɗin yana ɗaye fatar cikin hanyar numfashi ne, kamar a ɗaye yaɓen katanga a bar ta tsirara ga ruwan sama, sai ƙwayoyin bakteriya da dama can suna zaune a hanci da maƙogwaro su samu ƙofa su gangara su haddasa nimoniya, wato ciwon huhu. Mutum zai ga kamar ya fara samun sauƙi a kwana na huɗu ko na biyar, ya tashi ya koma gona ko kasuwa, sai zazzaɓin ya dawo da tari mai majina da ciwon haƙarƙari, cikin mako ya tafi. Yau da allurar antibayotik da iskar oksijin za a ceci da yawa daga cikin irin waɗannan, amma a 1918 babu ko ɗaya a hannun jama'a, penisilin sai a 1928 aka gano ta, ba ta kuma wadata ba sai a shekarun 1940.

Ni kaina ina ganin ƙaramin misalin wannan duk hunturu. Akwai wani dare da aka kawo min wani magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai, ƙanensa biyu sun riƙo shi, matarsa na biye da fulas ɗin kunu tana cewa Likita mura ce fa kawai, kwana shida ke nan, har ya warke ya fita aiki jiya. Na ɗora masa ɗan abin auna iska a yatsa, lambar da ya kamata ta wuce 95 sai ga ta a 80 da ɗoriya, na sa abin sauraro a bayansa ɓangaren dama na ƙasa sai ƙarar ɓurɓushi kamar ana murza gashi kusa da kunne. Mun sa masa oksijin da allurai, kwana biyar ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa. A ranar da na sallame shi abin da ya zo min a rai shi ne da a shekarar marisuwa ne wannan bawan Allah sai dai a yi masa sutura, kuma irinsa ne dubu ɗaruruwa.

Me yasa matasa? Amsa biyu ake bayarwa kuma ba sa karo da juna. Ta farko, garkuwar jikin matashi na da ƙarfi, in ta haɗu da baƙon da ba ta sani ba takan yi fushin da ya wuce kima, ta tura mayaƙanta huhu su yi ta ɓarin wuta har su rushe gidan da suka zo karewa. Ta biyu, wadda ni ta fi gamsar da ni, ita ce jiki na riƙe nau'in murar farko da ya fara haɗuwa da ita a yarinta. An yi wata annobar mura a 1889 zuwa 1890 da ake kira murar Rasha, waɗanda aka haifa a wannan tsakanin su ne 'yan shekara 28 zuwa 29 a 1918, kuma a wurare da yawa daidai wannan shekarun ne mutuwa ta fi tsanani. Ana ganin jikinsu ya koyi yaƙi da wani nau'i daban, da sabon ya zo sai ya fito da makamin da bai dace ba, su kuma tsofaffi mai yiwuwa sun taɓa haɗuwa da dangin na 1918 tun suna yara.

Su likitocin lokacin a duhu suke aiki, ba laifinsu ba ne. Sun ɗauka wata bakteriya ce da wani Bajamushe mai suna Richard Pfeiffer ya gano a 1892 ke kawo mura, har aka yi ta haɗa allurar rigakafi a kanta, ba ta hana komai ba. Bairos ya yi ƙanƙantar da madubin likitan wancan zamani ba ya iya ganinsa. Sai a 1933 wasu masana uku a Landan suka ware bairos ɗin murar ɗan Adam ta hanyar sa wa wata dabba mai kama da tunku. Aka yi ta ɗura wa marasa lafiya kwinin da barasa da man gelo, asfirin kuwa ana ba da shi da yawan da yau mun san guba ne, har wasu masu bincike na ganin shi kansa ya ƙara yawan mutuwar.

Abin da ya yi aiki da gaske abu biyu ne, kuma duk biyun ba magani ba ne. Na farko jinya. Wanda ya samu mai ba shi ruwa da kunu, mai lulluɓe shi, mai hana shi tashi har ya warke sarai, ya fi samun damar tsira nesa ba kusa ba. Gidajen da aka fi yin asara su ne waɗanda kowa ya kwanta lokaci guda, babu mai ɗebo ruwa a rijiya babu mai hura wuta, jariri na kuka uwa ba ta iya ɗaga kai, sai ƙishirwa da yunwa su ƙarasa abin da cuta ta fara. Shi yasa talakawa suka fi shan wuya a ko'ina. Indiya kaɗai ta rasa tsakanin miliyan 12 zuwa 20 saboda annobar ta haɗu da fari da tsadar abinci, Amurka kuma da duk arzikinta ta rasa kimanin 675,000.

Na biyu shi ne rufe ƙofa da wuri da faɗa wa mutane gaskiya, kuma ga misalai biyu da nake koyar da ɗalibai da su kullum. A birnin Filadalfiya na Amurka cutar ta riga ta shigo, likitoci suka roƙi hukuma ta soke wani gagarumin faretin tara kuɗin yaƙi, aka ƙi, ranar 28 ga Satumba 1918 mutum wajen 200,000 suka cika titi kafaɗa da kafaɗa. Cikin kwana uku babu gado ko ɗaya da ya rage a asibitocin birnin, cikin makonni shida an rasa kusan mutum 12,000, gawa na kwana a gida saboda babu akwati babu mai ɗauka. Birnin Sen Luwis, shi ma a Amurka, kuwa kwana biyu da ganin masu cutar na farko a cikin gari suka rufe makarantu da majami'u da gidajen kallo, 'yan kasuwa suka yi ta ƙorafi, amma mutuwarsu ba ta kai ta Filadalfiya ba ko kusa. Da suka yi gaggawar buɗewa a watan Nuwamba sai cutar ta sake tashi, dole suka sake rufewa.

Misali na biyu ya fi taɓa min zuciya. Tsibiran Samowa a tekun Pasifik kashi biyu ne, mutane iri ɗaya harshe ɗaya, yamma a hannun Niyu Zilan gabas a hannun Amurka. Ranar 7 ga Nuwamba 1918 jirgin ruwa mai suna Talune ya iso ɓangaren yamma daga Okland ta Niyu Zilan da marasa lafiya a ciki, aka bar fasinjoji suka sauka ba tare da killacewa ba. Cikin wata biyu kusan mutum 8,500 suka mutu, sama da kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar. A ɓangaren gabas gwamnan wurin John Poyer da ya ji labari ta rediyo sai ya rufe tashar jiragen, sarakunan gargajiya suka ba shi haɗin kai suka sa mutanensu gadin gaɓar teku don kada kwalekwale ya sauka, ko mutum ɗaya bai mutu da cutar ba. Sai a 2002 firaministar Niyu Zilan Helen Clark ta je Samowa ta nemi gafara. Duk sanda na karanta wannan sai hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya faɗo min, cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudunta, da yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba. Abin da mutanen Legas masu gudu suka saɓa ke nan cikin tsoro, Allah ya yafe musu ya yafe mana. Ƙasar Larabawa ma ba ta tsira ba, a Najadu suna kiran shekarar da shekarar rahama saboda yawan addu'ar neman rahama ga mamata, Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa Saudiyya, shi kansa ya rasa babban ɗansa Turki a cikinta.

Yaƙin ya ƙare ranar 11 ga Nuwamba 1918, mutane suka fito tituna murna suna rungumar juna, sojoji suka koma garuruwansu, aka samu zagaye na uku a farkon 1919, wasu wuraren har 1920. Daga nan ta lafa, ba don an yi maganinta ba, sai don yawancin mutane sun riga sun kamu jikinsu ya san ta.

Za ta iya dawowa? Gaskiyar magana ba ta taɓa tafiya ba. Yadda aka tabbatar da haka ma labari ne. Akwai wani ƙauye a Alaska, Brevig Mission, inda cikin kwana biyar a Nuwambar 1918 mutum 72 daga cikin kimanin 80 suka mutu, aka binne su a rami ɗaya cikin ƙasar da ƙanƙara ba ta narkewa. Wani likita ɗan asalin Suwidin, Johan Hultin, ya je da izinin dattawan ƙauyen a 1951 ya ɗebo naman huhu amma kayan aikin lokacin suka gaza. Bai haƙura ba, bayan shekara 46, a 1997 yana da shekara 72, ya koma ya sake neman izini ya tono, ya samu gawar wata mata da kitsen jikinta ya kare huhunta daga ruɓewa, ya aika wa wani masanin bairos a Amurka, Jeffery Taubenberger, da abokan aikinsa. A 2005 aka kammala karanta ƙwayoyin gadon bairos ɗin gaba ɗaya. Nau'in H1N1 ne, kuma ya yi kama ƙwarai da murar tsuntsaye. Aka kuma gane cewa annobar murar 1957 da ta 1968, da kowacce ta kashe mutum miliyan 1 ko fiye, da murar aladu ta 2009, duk suna ɗauke da wani yanki na gadonsa. Wato da yawa daga cikin nau'o'in murar infuluwenza da ke zagayawa a tsakaninmu yau jikokin marisuwa ne, sun dai yi laushi ne kuma jikinmu ya saba da su.

Abin da muke sa wa ido yanzu shi ne sabon nau'i ya sake tsallakowa daga tsuntsaye ko aladu ya koyi bin numfashin mutane. Kin tuna murar tsuntsaye H5N1 da ta ɓulla a wata gonar kaji a jihar Kaduna a farkon 2006, karo na farko a Afirka, aka yi ta kashe kaji ana binnewa? Dalilin tsananin ke nan, ba don kajin kawai ba. Har yanzu wannan nau'in bai iya yaɗuwa cikin sauƙi daga mutum zuwa mutum ba, Allah ya sa kada ya iya. In wani ya iya, muna da abin da mutanen 1918 ba su da shi, antibayotik da oksijin da maganin bairos ɗin mura da fasahar haɗa rigakafi cikin watanni. Amma tafiyar da Mantua ya yi kwanaki yana yi yau jirgin sama awa shida yake yin ta, kuma ni da ke mun san asibitoci nawa ne a ƙauyukanmu ke da tukunyar oksijin mai aiki, wannan ne ke hana ni barci in na tuna.

Ke dai a gida ga abin da nake roƙonki ki riƙe. In kaji suka fara mutuwa da yawa haka kawai kada a yanka a ci, kada yara su taɓa, a sanar da malaman dabbobi. In mura ta zo wa wani da zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki ya kwanta ya huta ya sha ruwa sosai, a raba masa ɗaki da tsofaffi da masu ciki in da hali, kuma yaro ko matashi kada a ba shi asfirin, farasitamol ya isa. In kuma kika ga numfashi na sauri ko yana yi da ƙyar, ko haƙarƙarin yaro na lotsawa ciki in ya ja iska, ko leɓe ya canza launi, ko zazzaɓin ya tafi ya sake dawowa da tari da ciwon ƙirji, kada a jira gari ya waye kuma kada a tsaya kemis, a wuce asibiti a daren, mai ciki kuwa tun ranar farko ta zazzaɓin a kai ta a duba ta.